GC-MS, LC-MS/MS ko na'ura mai auna nauyi daidai: wace hanya ce ke kama gubar tsiro a jikin gawa?

Gubar tsiro ba ta cika barin alamar da ido zai gani a teburin binciken gawa ba. Wanda akonitin (gubar tsiron Aconitum) ko oliyandirin (gubar tsiron Nerium) ya kashe, bugun zuciyarsa ne ya rikice har ta tsaya, kuma zuciyar da ta tsaya ta wannan hanya kamanninta ɗaya da lafiyayya idan an tsaga ta. Abin da likita zai rubuta bai wuce cewa huhu ya tara ruwa, gaɓoɓin ciki sun cika da jini ba, alhali ana ganin haka a mace-mace iri-iri. Nauyin shari'ar sai ya koma kan ɗakin gwaje-gwaje, shi kuma ɗakin gwaje-gwaje abin da ya nema kaɗai yake samu. Takardar da ta fito da "ba a samu guba ba" ma'anarta ita ce ba a samu sinadaran da ke cikin jerin wannan gwajin ba, a iyakar ƙarfin wannan na'urar. Yawancin jerin da ake amfani da su kullum an gina su ne don barasa, miyagun ƙwayoyi da magungunan asibiti.

Don haka mai bincike, ko likitan gawa, ko shugaban ɗakin gwaje-gwajen da zai sayi na'ura, yana buƙatar sanin abin da kowace hanya take iyawa da inda take faɗuwa. Gubar tsiro kuwa ba jinsi ɗaya ba ce. Akwai alkaloyid, irin su atirofin da sikofolamin na zaƙami, sitirikinin, nikotin, akonitin da kolkisin. Akwai gilaikosayid masu taɓa zuciya, irin su digoksin, oliyandirin, serberin da sinadaran kwankwani. Akwai firotin, wato risin na zurma da abirin na idon zakara. Akwai kuma masu sakin sayanayid, irin su linamarin na rogo da amigdalin. Babu na'ura ɗaya da ke kama dukkan huɗun da kyau, kuma hanyar tace samfurin da ta dace da rukuni na farko ita ce takan zubar da na biyu.

Samfuri kafin na'ura

Ana iya sake gwaji gobe ko baɗi, amma ba a sake ɗibar jini bayan an binne. Shi ya sa zaɓi mafi tsada a wannan aiki ana yin sa ne a ɗakin gawa.

Jinin da ake auna yawan guba da shi na jijiyar cinya ne, kimanin mililita 10, bayan an matse jijiyar daga sama don kada jinin ciki ya gangaro. A zuba shi a kwalba mai sodiyam fulorayid kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari da fotasiyam okzalet. Jinin zuciya ya fi yawa, mililita 20 zuwa 25, ya dace da neman ko akwai wani abu, amma ba a dogara da adadinsa. Bayan mutuwa sinadarai sukan fita daga tsokar zuciya, huhu, hanta da tumbi su shiga jinin da ke kusa. Digoksin ya shahara da wannan: yana taruwa a tsokar zuciya tun mutum na da rai, don haka jinin zuciyar gawa kan nuna adadin da ya zarce na gaskiya, har a zargi wanda ke shan maganinsa bisa ƙa'ida da cewa an ba shi guba. A nan ruwan ƙwayar ido yana taimakawa, domin yana killace kuma yana jinkirin ruɓewa. Ana zuƙo shi duka daga idanu biyu, bai fi 'yan mililita ba.

Fitsari a ɗebe shi duka. Alkaloyid da yawa sun fi tsayawa a cikinsa fiye da jini, kuma ya fi tsabta ga na'ura. Hanta giram 25 zuwa 50, daga can cikin ɓangaren dama, nesa da tumbi. Ruwan maɗaciya yana da daraja ta musamman idan ana zargin kolkisin, domin mutum kan yi kwanaki kafin ya mutu, jini ya kusa wankewa, amma sinadarin yana ta zagaye tsakanin hanta da hanji.

Abin da ke cikin tumbi shi ne aka fi wulaƙantawa, kuma shi ne mafi amfani a shari'ar tsiro. A auna nauyinsa gaba ɗaya, a baza shi a faranti a tsince duk wani iri, ganye ko ɓawo kafin a niƙa komai, a ajiye abin da aka tsince daban. A shari'ar Alexander Perepilichnyy, ɗan kasuwar Rasha da ya faɗi ya mutu a Surrey ta Ingila a watan Nuwamban 2012, an zubar da mafi yawan abin cikin tumbinsa a binciken farko, lokacin da ba a zargin komai. Shekarun da aka kwashe ana jayayya daga baya, a kan ɗan ragowar da aka samu aka yi su.

Idan mamacin ya isa asibiti da rai, jinin da aka ɗiba lokacin karɓarsa ya fi duk wani samfurin gawa daraja, kuma asibitoci kan zubar da shi cikin 'yan kwanaki. A nemi a riƙe shi tun ranar farko, tare da takardar duk maganin da aka yi masa. Ajiya kuwa firji a digiri 4 na ɗan lokaci, firiza a digiri 20 ƙasa da sifili idan za a daɗe. Kada formalin ya taɓa samfurin gwajin guba. Kolkisin haske ke lalata shi, sai a naɗe kwalbarsa. Akonitin kuma ruwa da zafi da alkali ke warware shi zuwa benzoyil-akonin sannan akonin, saboda haka jinin da ya kwana biyu a mota mai zafi zai iya rasa shi.

Gwajin launi da TLC

Waɗannan su ne jikokin hanyar da Jean Servais Stas ya buɗe a Beljiyam a 1850, lokacin da ya tace nikotin daga gaɓoɓin Gustave Fougnies, har kotu ta yanke wa Bocarmé, mijin 'yar'uwar mamacin, hukuncin kisa a 1851. Har yanzu ana fesa ruwan Dragendorff a farantin TLC, wanda ake rarrabe sinadarai a kansa, a ga ɗigon ruwan goro idan akwai alkaloyid, ana gwajin Kedde ko Keller-Kiliani don gilaikosayid na zuciya, ana Vitali-Morin don dangin atirofin. Ba su buƙatar wuta mai ɗorewa ko injiniya.

Amfaninsu a yau ya tsaya ga abu mai yawa: garin da aka samu a ɗaki, ragowar abin sha, ko abin cikin tumbi. A jini ba su da ƙarfi, domin suna ganin maikirogiram ne, guba mai tsanani kuwa a nanogiram take yawo. Matsalarsu ta biyu tsohuwa ce. Tun shekarun 1870 Francesco Selmi na Bologna ya nuna cewa gawa mai ruɓewa tana samar da sinadaran da ke ba da launi irin na alkaloyid. A shari'ar George Henry Lamson, likitan da aka tuhuma da kisa da guba a Landan a 1882, lauyansa ya riƙe wannan hujja, masu gwajin kuma sai da suka ɗanɗana abin da suka tace a harshensu, suka yi wa ɓeraye allurarsa, kafin su ce akonitin ne. Gwajin launi manuniya ce ta inda za a duba. Wanda ya kai shi kotu shi kaɗai ya ba lauyan wanda ake tuhuma aiki mai sauƙi.

Gwajin digoksin na asibiti

Wannan gwajin garkuwar jiki ne, kusan kowane babban asibiti yana da shi, sakamako cikin awa ɗaya. Garkuwar da ke ciki ba digoksin kaɗai take kamawa ba, takan kama oliyandirin da sauran danginsa. Idan mutumin da bai taɓa shan digoksin ba ya zo da amai, bugun zuciya ya yi ƙasa, fotasiyam ya hau, gwajin kuma ya nuna akwai, to an samu hanya. A Siri Lanka da kudancin Indiya, inda guba da tsiron Thevetia da na Cerbera odollam ta yawaita, wannan rukuni ne likitoci suka fi fama da shi.

Sai dai lambar da gwajin ya bayar ba ta da ma'ana idan ba digoksin ba ne. Kowane kamfani garkuwarsa daban, wani ya kama oliyandirin sosai, wani da ƙyar, don haka rashin nunawa ba ya wanke kowa. Jikin jarirai, masu ciki da masu ciwon ƙoda ko hanta yakan samar da abubuwan da ke ruɗar gwajin. Jinin gawa da ƙwayoyinsa suka fashe yana ƙara ruɗa shi, haka ma maganin karya gubar digoksin idan an riga an yi wa mutum. Gwajin ba ya faɗin sunan sinadari, balle sunan tsiro.

GC-MS

Ita ce na'urar da ta fi yawa a ɗakunan binciken laifi, kuma da dalili. Tana tururar da samfuri a zafin digiri 250 zuwa 280, iskar hiliyam ta tura shi cikin siririn bututu, sannan a farfasa kowane sinadari da ƙarfi iri ɗaya a ko'ina cikin duniya, 70 eV. Wannan daidaito shi ne arzikinta: hoton ɓarɓashin da aka samu ana kwatanta shi da taskar bayanai irin ta NIST mai ɗauke da dubban ɗaruruwan sinadarai, ko da ɗakin bai taɓa riƙe sinadarin ba. Wato tana iya ba da mamaki, ta nuna abin da ba a nema ba.

Ga ƙananan alkaloyid masu jure zafi babu abin kushe a gare ta. Nikotin da kotinin, koniyin, sitirikinin da birusin duk suna fitowa sarai. Sitirikinin ma yana daɗewa a gawa, an sha samun sa a wadda aka tono. Abin lura ga nikotin da koniyin shi ne suna tashi da sauƙi, idan aka busar da abin da aka tace har ƙarshe ba tare da an ɗiga ɗan asid ba, sun bi iska. Sayanayid kuma da GC ake auna shi ta hanyar tururin saman kwalba bayan an zuba asid a cikakken jini, domin a jajayen ƙwayoyin jini yake zama. A yi shi da wuri, adadinsa yakan ragu ko ya ƙaru a ajiya, kuma wanda ya mutu a gobara ma yana da shi.

Atirofin da sikofolamin suna tsakiya. Suna fitowa, amma zafin ƙofar na'ura yakan cire musu ruwa su koma afo-atirofin da afo-sikofolamin, adadi ya ragu. Maganin haka shi ne a sauya siffarsu da sinadarin BSTFA kafin a saka.

Inda GC-MS ke faɗuwa gaba ɗaya shi ne manyan sinadarai. Digoksin nauyinsa ya kai 780, yana ɗauke da sukari uku, ba ya tururi, ƙonewa yake yi. Haka oliyandirin da serberin. Akonitin mai nauyin 645 yana warwarewa a zafi, sai an bi doguwar hanyar sauya shi. Kolkisin a adadin da yake cikin jini ba ya ganuwa da kyau. Ga itacen Taxus, GC-MS ba ta kama gubarsa, taksin, da kyau, sai wani ɗan rakiyarsa, 3,5-daimetoksifenol, wanda ke nuna an ci ganyen ba tare da auna gubar ba. Abin takaicin shi ne waɗanda ke kuɓuce mata su ne masu kashewa ta hanyar zuciya, wato masu kama da mutuwar Allah da Annabi.

LC-MS/MS

A nan ba a dafa samfuri. Ruwa ne ke ɗaukarsa cikin bututun rarrabewa, a fesa shi da lantarki ya zama ayon, wato ƙwaya mai caji, na'ura ta zaɓi nauyi ɗaya, ta farfasa shi, ta auna ɓarɓashin da aka umarce ta. Akonitin nauyinsa a na'ura 646 ne, yana ba da ɓarɓashi mai nauyin 586 bayan ya zubar da asid ɗin asetik. Atirofin 290 zuwa 124, sikofolamin 304 zuwa 138, sitirikinin 335 zuwa 184, kolkisin 400 zuwa 358, risinin (ƙaramin alkaloyid na zurma, ba risin ba) 165 zuwa 138. Da rabin mililita na jini ko ƙasa da haka, cikin minti 10 zuwa 15, ana ganin abin da bai kai nanogiram ɗaya a mililita ba. Wannan shi ne matakin da ake buƙata, tunda digoksin na magani ma tsakanin nanogiram 0.5 da 2 yake, akonitin a jinin gawa kuma sau da yawa 'yan nanogiram ne zuwa gomomi.

Idan aka ce a zaɓi na'ura ɗaya tak don gubar tsiro, wannan ce. Amma tana da rauni uku da kowane mai karanta sakamakonta ya kamata ya sani.

Na farko, makauniya ce ga duk abin da ba a rubuta mata ba. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne kisan Lakhvinder Cheema a yammacin Landan a watan Janairun 2009, wanda aka samu Lakhvir Singh da laifinsa a 2010. Alamomin sun yi kama da na akonitin, amma tsiron Aconitum ferox ne na yankin Himalaya, babban sinadarinsa kuma sudakonitin ne mai nauyin 690 a na'ura, sai da masanan lambun tsirrai na Kew da ke Landan suka shigo aka tabbatar. Na'urar da aka saita kan 646 kaɗai za ta wuce shi ba ta gani ba. Jerin kirki na wannan dangi sai ya haɗa da mesakonitin 632, haifakonitin 616, jesakonitin 676, da kuma benzoyil-akonin 604 da akonin 500 don kama wanda ya riga ya warware.

Na biyu, dattin samfuri yana danne sigina. Kitsen jini da kayan ruɓa suna gasa da sinadarin wajen samun lantarki, sai abin da ke nan ya yi kamar ba ya nan, ko adadinsa ya ragu da rabi. Ana magance wannan da sinadarin rakiya mai diyuteriyam, wato tagwayen sinadarin da aka ɗan ƙara wa nauyi, da ake zubawa tun kafin tacewa. Atirofin, digoksin da kolkisin suna da irinsa a kasuwa, gubobin tsiro da yawa ba su da shi. Idan babu, sai a raba samfurin kashi huɗu, a ƙara sanannen adadi mai hauhawa a uku, a lissafo na asali daga layin da aka zana. Yana cin samfuri da lokaci, amma ga hanta ko jinin da ya ruɓe babu hanyar da ta fi shi gaskiya.

Na uku, tacewa. Ɗan bututun tacewa mai kama alkaloyid yana riƙe su da kyau, amma gilaikosayid na zuciya ba su da caji, suna fita tare da ruwan wanki a zubar da su. Ɗakin da ya yi haka zai rubuta "babu" da zuciya ɗaya. Idan ba a san abin da ake nema ba, gara a daskarar da firotin da asetonaitiril, kashi uku ko huɗu ga kashi ɗaya na jini. Ya fi datti amma ba ya zubar da rukuni guda. Su gilaikosayid kuma suna son manne wa sodiyam, ayon mai sodiyam ba ya farfashewa da kyau, don haka ake zuba amoniyam fomet a ruwan na'ura a bi digoksin a 798, oliyandirin a 594 ko 577. Ga akonitin, kada a kai alkali ya wuce kimanin pH 9, kada a busar da zafi, kuma a narkar da tsantsarsa a asetonaitiril, domin a metanol yakan canza a hankali.

Tabbatarwa tana buƙatar lokacin fitowa ya dace da na tsantsar sinadarin da aka gudanar a rana ɗaya, ɓarɓashi biyu aƙalla, rabonsu kuma kada ya kauce fiye da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Tsantsar sinadari mai takardar shaida ita ce ainihin jarin wannan hanya. Na'ura ba tare da su ba kwalliya ce. Tana kuma buƙatar injin samar da naitirojin, famfon da ba ya tsayawa dare da rana, wutar da ba ta yankewa, da ruwan sinadarai mafi tsabta. Wanda ba zai iya tabbatar da waɗannan na shekaru ba, gara ya sayi firiza mai kyau ya ƙulla yarjejeniya da ɗakin da ke da su.

Na'ura mai auna nauyi daidai

Na'urorin QTOF da Orbitrap suna auna nauyin sinadari har lamba huɗu bayan ɗigo, kuskure bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba, kuma suna rubuta duk abin da ya fito, ba wanda aka zaɓa kaɗai ba. Fa'idar farko ita ce rarrabe masu nauyi kusa. Atirofin 290.1751 ne, benzoyil-ekgonin da jiki ke mayar da hodar ibilis zuwa gare shi 290.1387 ne. Fa'ida ta biyu ta fi girma: idan bayan wata shida wani shaida ya ambaci sunan wani tsiro, ana buɗe tsohon fayil a kwamfuta a nemi nauyinsa, ba tare da an taɓa ɗigon jini ba.

Haɗarinta shi ne tana sa mutum ya ga abin da yake so. Nauyi daidai yana ba da lissafin atom ne, ba siffar sinadari ba. Sikofolamin da hodar ibilis atom ɗinsu ɗaya sak, dukansu 304.1543, ɓarɓashi ne ke raba su, ɗaya 138, ɗaya 182. Abin cikin tumbi kuwa cike yake da dubban sinadaran tsiro na abinci. A shari'ar Perepilichnyy an ga wani sinadari a ragowar tumbinsa wanda nauyinsa ya yi daidai da na wata gubar tsiron Gelsemium, labarin ya zagaye duniya a 2015, amma gwajin da ya biyo baya bai tabbatar da shi ba, a Disambar 2018 kuma alƙalin binciken mutuwa ya yanke cewa mutuwar ta ɗabi'a ce. Dacewar nauyi zato ne, ba ya zama shaida sai an gudanar da tsantsar sinadarin an ga lokacin fitowa da ɓarɓashi sun dace. Sannan a ƙananan adadi na'urar LC-MS/MS da aka saita kan sinadari ɗaya yawanci ta fi ta gani, kuma fassara bayananta na buƙatar ƙwararre, ba mai danna maɓalli ba.

Risin da abirin

Waɗannan ba su shiga kowane jeri na sama. Firotin ne masu nauyin sama da 60,000, suna shigewa cikin ƙwayoyin jiki da sauri, mutuwa kuma takan zo bayan kwanaki. A kisan Georgi Markov, marubucin Bulgeriya da aka harba wa ƙwayar ƙarfe mai faɗin milimita 1.7 a gadar Waterloo ta Landan a watan Satumban 1978, ba a tace risin daga jikinsa ba. Masanan Porton Down, cibiyar binciken tsaro ta gwamnatin Birtaniya, sun kai ga sunansa ne ta hanyar alamomi da gwaji a kan alade.

Yau hanya mafi sauƙi ita ce neman ɗan rakiya a fitsari da LC-MS/MS: risinin ga zurma, abirain mai nauyin 219 ga idon zakara. Suna nuna an haɗu da tsiron, kuma sun fi ganuwa a kwanaki biyun farko. Amma risinin yana cikin man zurma da ake sha ko shafawa, don haka shi kaɗai ba ya nufin guba. Firotin ɗin kansa ana nemansa da gwajin garkuwar jiki na ELISA, ko a yanka shi da sinadarin tiraifsin a karanta guntayensa, ko a gwada ko yana cire adenin daga RNA, wanda ke nuna har yanzu yana da ƙarfin guba. Risin yana cikin jeri na ɗaya na yarjejeniyar haramta makamai masu guba, don haka wannan aikin ɗakuna ne na musamman.

Madubi da DNA

Masanin tsirrai da madubin ƙara girma kan warware cikin awa ɗaya abin da na'ura za ta yi mako tana lalube. Irin zaƙami falle ne mai siffar ƙoda da ƙananan ramuka a bayansa, ana ruɗa shi da irin barkono sai an duba ɓawon. Ganyen Nerium yana da ramukan numfashi masu gashi a ƙasansa. Idan guntun ya narke, sai DNA. Tun 2009 aka amince da yankunan DNA biyu, rbcL da matK, a matsayin alamomin tantance tsiro, ana ƙara ITS2, ga abin da asid ɗin tumbi ya cinye kuma gajeren yankin trnL ya fi fitowa. Hanyar tana faɗin sunan tsiro, wanda zai gaya wa mai LC-MS/MS abin da zai nema. Ba ta faɗin ko guba ta shiga jini, kuma idan tataccen ruwa ne babu guntun tsiro, ba ta da abin karantawa.

An samu, sai me?

Samun sinadari ba shi ne samun tsiro ba. Atirofin ana yi wa mutum allurarsa wajen farfaɗo da zuciya, digoksin maganin zuciya ne, kolkisin maganin ciwon gaɓɓai ne. Abin da ke nuna tsiro shi ne 'yan uwan da ke tare. Atirofin da sikofolamin a jini ɗaya sun fi kama da zaƙami. Atirofin na asibiti siffofinsa biyu rabi da rabi ne, na tsiro kuwa siffar hagu ce ta rinjaya, ana raba su da bututu na musamman, amma zafi da alkali wajen tacewa suna iya mayar da na tsiro kamar na asibiti. Digitoksin tare da gitoksin na nuna tsiron Digitalis. Kuma babu na'urar da ke faɗin hannun da ya zuba, ko kuskure ne, ko maganin gargajiya, ko kisan kai, wannan aikin mai bincike ne.

Yadda zaɓin yake kasancewa

Idan akwai shaidar tsiro takamaimai, guntu a tumbi ko ragowar abin sha, a fara da masanin tsirrai, sannan LC-MS/MS da tsantsar sinadarin. Idan alamomin farfaɗiya ce da sanƙarewar jiki, ko zargin nikotin ko sayanayid, GC-MS ta wadatar, ba sai an aika nesa ba. Idan mutum lafiyayye ne ya yi amai, bakinsa ya yi sanyi ko ƙaiƙayi, zuciya ta rikice, GC-MS kuma ta ce babu komai, wannan sakamakon bai rufe magana ba, a aika don akonitin da danginsa da gilaikosayid na zuciya. Idan babu wata alama sai zargi, na'ura mai auna nauyi daidai ce farko, duk abin da ta nuna a tabbatar da shi a sabon kaso na samfuri. Idan babu tsantsar sinadarin a kasuwa, ana tace tsiron da masani ya tantance a gudanar da shi gefe da gefe, sakamakon ya tsaya ga "akwai", ba tare da adadi ba.

Samfuri kaɗan kuwa sai an yi masa tsari kafin a buɗe kwalba. A fara da fitsari da tumbi wajen lalube, a bar jinin cinya don tabbatarwa da awo. Abin cikin tumbi a tsarma shi sau 100 zuwa 1,000, a gudanar da shi a ƙarshe da ruwa zalla a tsakani, domin ragowarsa a allurar na'ura kan bayyana a jinin da ya biyo baya. A raba jini ƙananan kwalabe tun farko don kada a yi ta narkarwa ana daskarewa, a kuma ware kaso ɗaya a rufe da hatimi don gwajin ɓangaren wanda ake tuhuma. Takardar sakamako ta faɗi hanyar da aka bi, sunayen sinadaran da aka nema ɗaya bayan ɗaya, da mafi ƙarancin adadin da na'urar ke gani ga kowannensu a irin wannan samfurin.